Attajirin da Kuɗinsa Suka Ture Maganin da Yake Sha

John D. Rockefeller, mai kamfanin mai na Standard Oil, ya rasu a 1937 yana da shekara 97. Likitan da ya fi yarda da shi tsawon shekaru, Hamilton Biggar na birnin Cleveland, ɗan homiyofati ne, kuma abokin wasansa na golf. Duk da haka, dukiyar Rockefeller na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da homiyofati a Amurka.

Wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, shi ya ƙirƙiro wannan hanya a 1796. A ganinsa, abin da ke jawo wa lafiyayye alamomin wata cuta, shi zai warkar da mai ɗauke da ita, muddin an tsinka shi sosai. Akan ɗiga ɗigo ɗaya cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a ɗebi ɗigo ɗaya a sake. Idan aka wuce zagaye na 12, da wuya ko ƙwayar zarra ɗaya ta maganin ta rage, amma sau da yawa har zagaye 30 ake kaiwa.

Ba wauta ce ta kai Rockefeller can ba. A lokacin ƙuruciyarsa likitoci tsaga jijiya suke yi su zubar da jinin majiyyaci, su ɗura masa maganin zaiba har haƙora su yi girgiɗi. Wanda aka ba shi ruwa zalla, aƙalla ba a ƙara masa wata cutar ba.

Mai kula da rabon kyautarsa, wani tsohon fasto mai suna Frederick Gates, ya bi wata hanya daban. A 1897 ya karanta babban littafin likitanci na William Osler, ya gane cewa cututtukan da ke da magani na haƙiƙa ba su taka kara sun karya ba, don haka bincike ake buƙata. A 1901 aka kafa Cibiyar Rockefeller ta Binciken Likitanci a New York. Shi kuwa Rockefeller ya riƙa aika wasiƙu yana cewa shi ɗan homiyofati ne, a yi wa mutanensa adalci. Gates da ɗan maigidan suka riƙa lallaɓa shi, kuɗin kuma na tafiya ɗakunan gwaji. Ko da wasa Rockefeller bai janye tallafin ba, kuma a nan ya cancanci yabo, domin ba kowane mai kuɗi ne ke barin masana su saɓa masa ba.

Sai rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya yi wa masu rauni kaca-kaca. Tallafin Rockefeller ya koma wajen irin Jami'ar Johns Hopkins. Makarantun homiyofati 22 ne a 1900. Zuwa 1923 biyu suka rage.

Kuɗin sun iso har Afirka ta Yamma. Gidauniyar Rockefeller ta buɗe cibiyar binciken cutar shawara a Yaba, Legas, a 1925. Daga jinin wani majiyyaci a ƙasar da yau ake kira Gana aka samo ƙwayar cutar a 1927, kuma da ita Max Theiler ya haɗa allurar rigakafin da har yanzu ake yi wa yara da matafiya, aikin da ya samo masa kyautar Nobel a 1951.