Daga magazar hatsi zuwa makaman ƙare-dangi: yaya ake tsare amana?

Manoman Tasawa da Mayahi sun san tsarin warantaj. Bayan girbi, manomi yakan kai gero ko wake magaza, a ba shi bashi. Ƙofar magazar kwaɗo biyu gare ta: mabuɗi ɗaya hannun ƙungiyar manoma, ɗaya hannun asusun bashi. Ba mai buɗewa shi kaɗai.

Manyan ƙasashe ma rashin yarda ke damun su. Amurka da Rasha sun sa hannu a 2010 kan yarjejeniyar rage makaman nukiliya, kowace kada ta girke fiye da 1,550. A 2023 Rasha ta dakatar da aiki da ita. Mai kwance makami yana tsoron kada abokin gaba ya ɓoye nasa.

Don haka masana suka duba wata dabara ta kwamfuta mai suna blokcen, watau sarƙar bayanai. Littafin lissafi ne wanda kowane ɓangare ke riƙe da irinsa. Kowane shafi yana ɗauke da hatimin da aka fitar daga shafin baya. In wani ya goge layi ɗaya, hatiman gaba duk su ɓaci, littafinsa ya saɓa da na sauran. A 2020 hukumar nukiliya ta Finlan da abokan aikinta sun gwada irin wannan littafi, mai suna SLAFKA, don lissafin kayan nukiliya.

Ina ruwan Nijar? Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, kuma mun ɗanɗana sharrin takardun jabu. An yi zargin cewa Iraƙi ta nemi yuraniyom a ƙasarmu. Ran 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar AIEA, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Duk da haka aka auka wa Iraƙi cikin watan nan.

Sai dai a lura. Sarƙar tana hana sauya abin da aka rubuta, amma ba ta san ko gaskiya aka rubuta tun farko ba. In an cika buhu da rairayi aka ce gero ne, littafi zai riƙe ƙaryar. Dole masu bincike su shiga magaza, su ƙirga, su auna da idonsu. Gani ya kori ji.