Ƙaramin Canji da Babban Canji a Halitta

A watan Disamba 2004 aka raba gidajen sauro masu magani a duk faɗin Togo, har da Sokode da Dapaong. Amma ba kowane sauro ne maganin ke kashewa ba. Waɗanda suka jure su ne ke hayayyafa, 'ya'yansu kuma su gaji juriyar, har maganin ya rage ƙarfi. Wannan shi ake kira ƙaramin canji, kuma kusan kowa ya yarda da shi.

Gardama tana kan babban canji ne, wato wani jinsi ya rikiɗa ya zama wani dabam. Masu cewa an halicci kowane jinsi da kamanninsa suna cewa sauro, komai juriyarsa, sauro ne. Canjin yana da iyaka. Masana kimiyyar halittu kuwa, bisa ra'ayin da Charles Darwin ya bayyana a 1859, suna cewa ƙananan canje-canje ne ke taruwa cikin miliyoyin shekaru. Hujjarsu ita ce tsofaffin ƙasusuwa da kamannin ƙwayoyin gado.

Ɗalibin harshe ya san irin wannan. Hausar zangon Sokode ta bambanta da ta Kano, amma ana fahimtar juna. Hausa da Angas kuwa tushensu ɗaya, amma Bahaushe ba ya jin Angas. Tambayar da ke raba ɓangarorin biyu ita ce: shin halittu ma haka suke rabuwa idan zamani ya yi tsawo?