Littattafan Kaboyi Da Abin Da Suke Koya Wa Mutanen Damari

Iyayenmu da yayyenmu da suka yi sakandare a Arewa ba za su manta da littattafan kaboyi ba, irin na Louis L'Amour da J.T. Edson, waɗanda ake aro hannu zuwa hannu har bango ya yage. A gidajen silima na Kano da Kaduna kuma ana kallon jarumin bisa doki, da malafa, da bindiga a ɗamara. Labarin kusan ɗaya ne kullum: ɓarayi sun kore shanu, hukuma ta gaza, sai jarumi ya zaro bindiga, gari ya zauna lafiya.

To, mai karatu, littattafan tarihi ba haka suka faɗa ba. Kaboyi na ainihi makiyayi ne ɗan ƙwadago, kuma da yawansu baƙar fata ne ko mutanen Meziko. Daga 1867 suke kora garke daga Tekzas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas, tafiyar wata biyu ko fiye, kamar yadda Fulani ke bin burtali. Wannan zamani bai wuce shekara 20 ba.

Rikici ya taso ne a kan ƙasa. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar ba mai son noma eka 160 a yammacin ƙasar, filayen da aka ƙwace daga 'yan asalin wurin, kamar yadda Dee Brown ya bayyana a littafinsa na 1970. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, manoma suka shinge gonaki, hanyoyin shanu da mashaya suka toshe. A 1892, a gundumar Johnson ta jihar Wayomin, manyan masu shanu suka ɗauko 'yan bindiga daga Tekzas don su kashe ƙananan mazauna da suke zargi da sata. Sai da soja suka shiga, kuma ba a hukunta ko ɗaya daga maharan ba. Bindiga ba ta raba gardamar ba. Abin da ya kawo tsari shi ne doka, musamman ta 1934, wadda ta yanka yankunan kiwo, ta sa kowa ya karɓi izini ya biya kuɗi kafin ya saki dabbobinsa.

Mutanen Damari da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ba sa bukatar a fassara musu wannan labari. Ƙasar masara ce da dawa, ga daji a gefe, ga manomi da makiyayi da suka daɗe suna musayar taki da kara. Gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo tun 1965, amma gonaki suka ci burtali a wurare da dama, satar shanu ta yi yawa, ramuwar gayya ta biyo baya. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

Saboda haka, in yaranmu za su karanta labarin kaboyi, mu haɗa musu da tarihinsa, kada su ɗauka mai bindiga ne mai gyaran gari. Littafin Farawa ma ya nuna cewa da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi faɗa, raba ƙasa suka yi cikin lumana. Aikin da ke gaban hakimai da arɗo-arɗo da shugabannin addini shi ne a shata burtali da mashaya, a kuma hukunta ɓarawo ko ɗan wane ne. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.