Hokin ƙanƙara: 'Yan sa-kai da ke riƙe da gasar yaran coci a Kanada

Ka san ƙwallon unguwa: fili, duwatsu huɗu, an fara. To, hokin ƙanƙara a Kanada ba haka yake ba. Filin, hayarsa ake yi da awa. Kowane yaro kuma sai da kwalkwali, sanda, safar hannu da takalmin zamiya.

Ga matsalar lokaci: wasannin yara kan faɗo safiyar Lahadi, daidai lokacin sujada. Shi ya sa wasu coci-coci ke shirya tasu gasar. Akwai ma ƙungiyar Hockey Ministries International, wadda aka kafa a 1977, mai shirya wa yara sansanin horo haɗe da karatun Littafi Mai Tsarki.

A gasar coci, yawancin aikin kyauta ake yi. Wani uba ne koci, wata uwa ce ma'aji, wani ke kwasar yara zuwa atisaye da asuba, lokacin da haya ta fi sauƙi. Takalmin da ya matse wa yaya, ƙane ya gada.

In ka ga hotonsu da kofi a Instagram, duba bayansu da kyau. Ranar da iyayen nan suka gaji, gasar ta tsaya.