Me Ya Sa Mawaƙa Da Makaɗa Ke Yamutsa Fuska Idan Aiki Ya Ɗau Zafi?

Kowa ya san irin hoton nan. Mawaƙi yana kan dandamali, ya zo inda zai ja murya, sai wani ya ɗauke shi daidai lokacin da ido ya rufe, baki ya karkace, goshi ya tattare. Kafin gari ya waye hoton ya zagaye WhatsApp, an mayar da shi sitika, ana ta dariya. To shi fa bawan Allah bai san yana yi ba. Kuma kai ma da kake dariyar, wallahi kana yi.

Ba ka yarda ba? Ka lura da ƙanwarka idan tana saka kwalli, bakinta a buɗe yake. Ka kalli tela yana zura zare a allura, ko ɗan firamare yana koyon rubutu, harshe a waje. Uwa za ta ba yaro koko a cokali, ita ce ke fara buɗe baki. Tun a 1872 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya rubuta cewa masu yanka abu da almakashi sukan motsa muƙamuƙi tare da bakin almakashin.

Daga ƙwaƙwalwa abin yake. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Kanada, Wilder Penfield, ya nuna cewa kowace gaɓa tana da nata wurin a sashen da ke sarrafa motsin jiki, kuma wurin hannu maƙwabcin wurin fuska da baki ne. Shi ya sa masana da dama ke ganin idan hannu ya shiga aiki mai wuya, umarnin kan malala ya taɓa maƙwabci, kamar yadda ruwan gidan wani ke shiga gidan na kusa da shi idan damina ta yi ƙarfi. A 2015 Gillian Forrester da Alina Rodriguez sun yi nazari a kan yara 'yan shekara 4 suna ayyukan hannu. Sun ga harshen ya fi leƙowa ta ɓangaren dama, wanda ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, kuma a can ne magana take zaune ga yawancin mutane. Wato hannu da baki 'yan gida ɗaya ne.

Akwai kuma wani dalilin mai sauƙi. Riƙe fuska tsaf a gaban jama'a shi ma aiki ne. Idan hankali duk ya tafi kan yatsu da murya, ba sauran mai gadin fuska, sai ta yi abin da ta ga dama. Mawaƙin da ya rufe ido kuwa, yana rage abin da ke ɗauke masa hankali ne don kunne ya ji da kyau.

Manya ma ba su tsira ba. Michael Jordan ya yi suna da zaro harshe idan ya nufi kwando, kuma ya ce a wurin mahaifinsa ya gani, don shi ma haka yake yi idan yana aikin hannu. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, yana gunaguni ne yana kiɗa, har ana jin muryarsa a faifansa na 1981. Carlos Santana kuwa, idan ya danna jita, sai ka rantse haƙori ke masa ciwo.

A harkar fim abin ya fi daɗi. Walter Murch, editan da ya haɗa fim ɗin The Conversation na 1974, ya lura cewa jarumi Gene Hackman yakan ƙifta ido kusa da inda shi yake son yanke hoto, kamar ƙiftawar alama ce ta cewa wani tunani ya ƙare. Daga baya, a 2009, masu bincike a Japan suka sa mutane kallon Mr. Bean, suka ga suna ƙifta ido kusan lokaci ɗaya, a wuraren da ba za su rasa wani abu muhimmi ba. Ashe 'yan kallo ma fuskarsu na aiki ba su sani ba.

Nan ne ake gane jarumin da ya iya. Idan aka ba mutum rawar makanike ko mai ɗinki, ka ga hannu na aiki amma fuska sumul kamar zai ɗauki hoton fasfo, nan take za ka ji wani abu bai yi ba, ko da ba ka san mene ne ba. Wanda ya nutsa a rawar kuwa, za ka ga ya ɗan cije leɓe, ko gira ta haɗe.

Don haka idan kana koyon jita, kalangu ko waƙa, kada kunyar abokai ta sa ka raba hankalinka biyu kana gyaran fuska. Kiɗan ne zai lalace. Bar ta ta yamutse, kai dai ka iya abin da ka sa a gaba.