Maganin wake a mangaza: gargaɗin da ba ya isa ga mai aiki

Da zarar kaka ta yi, mangazojin Maraɗi da Tasawa da Damagaram sukan cika da buhunan wake, kuma kowane ɗan kasuwa ya san cewa idan ya yi sake wata uku, ƙwari za su mayar masa da dukiya gari. Saboda haka sai a nemi magani. Sai dai wanda ke sayen maganin daban, wanda ke buɗe gwangwanin da hannunsa daban: yaron mangaza ne, ko ɗan dako, ko mai gadin da zai kwana a bakin ƙofa.

Magungunan da aka fi gani iri biyu ne. Na farko ƙwayar nan ce mai ruwan toka da aka sani da Phostoxin. Kowace ƙwaya giram 3 ce, kuma idan ta haɗu da danshin iska takan fitar da giram 1 na iskar guba mai suna fosfin. Iskar tana ratsa buhu, tana kuma bi ta tsagar bango zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka. Babu allurar da ke karya ta. Alamunta na farko, wato ciwon kai da amai da nauyin ƙirji, sun yi kama da masassara, har mutum ya haɗiyi ƙwayar zazzaɓi ya koma ya kwanta a wurin da ya shaƙi gubar. Na biyu shi ne diklorbos, wanda jama'a ke kira piya-piya, yawanci yana shigowa daga Nijeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda CILSS ta kafa a 1994, ya gindaya sharaɗin cewa kowane maganin da aka yarda da shi ya zo da takardar bayani a jikinsa. A ƙasan takardar akwai zane mai launi: ja ga mafi haɗari, rawaya ga mai bi masa, sannan shuɗi, sannan kore. Koren ma ba ya nufin a ci abinci da hannun da ya taɓa shi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fitar a 2003 da alamomi na bai ɗaya, cikinsu har da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu cikin jan murabba'i.

Matsalar ita ce an rubuta bayanin da faransanci ko ingilishi, da ƙananan baƙaƙen da ko wanda ya gama lise sai ya kai su kusa da ido. Abin da ya fi wannan muni yana faruwa a teburin mai sayarwa. Zai sayi lita guda, ya rarraba cikin kwalaben sha ko na turare, ko ya ƙirga ƙwaya biyar cikin leda. Takardar ta tsaya a jikin babbar kwalba, gubar ta tafi ita kaɗai. Daga baya bidon ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sama-sama a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, alhali ƙa'ida ita ce a ɗauraye shi sau uku a huda shi don kada ya sake amfani.

A nan nauyin yana kan mai mangaza. Dokar aiki ta 2012 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya horar da su kan tsafta da kare lafiya, amma ɗan dakon da ake biya kowane buhu ba ya cikin rajistar kowa, sufeton aiki kuwa da wuya ya leƙa bayan kasuwa. Bayanin da ake buƙata bai wuce na minti biyar da hausa ba: a sa ƙwayar a rufe ɗakin, a rataya alama a ƙofa, kowa ya ƙaurace masa kwanaki, kada a kwana ko a jikin bangonsa, kuma a buɗe ya sha iska sosai kafin a shiga. Idan wani ya faɗi, a fitar da shi fili, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu. Madarar da ake ɗura wa mutum ba ta karya guba, ɓata lokaci kawai take yi. A kai shi asibiti tare da kwalbar, domin ga piya-piya akwai allurar atropin, kuma sunan da ke kan takardar ne zai nuna wa likita ko ita ce ta dace.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar magani sam. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, yana toshe wa ƙwari iska har su mutu. Ya fi buhun kasuwa tsada, amma idan ledojin cikinsa ba su huje ba, ana sake zuba masa wake a kaka ta gaba.