Ciwon Numfashi a Kajin Gida Masu Ƙwai

Kaza ba ta saurin nuna ciwo. Shirwa na jiranta daga sama, muzuru na jiranta daga ƙasa, 'yan'uwanta ma da sun ga ta raunana sai su riƙa kai mata sara. Saboda haka takan daure, ta ci gaba da tone-tone cikin sauran har sai abin ya fi ƙarfinta. Ranar da uwargida ta gan ta takure a gindin rumbu, fukafukai a sake, ido a lumshe, to ciwon ya kwana biyu a jikinta. Mai son ya gano matsalar da wuri, kunne zai sa kafin ido. Bayan sallar isha'i, in kaji sun kwanta gida ya yi tsit, sai a tsaya bakin akurki a saurara. Lafiyayyar kaza ba a jin numfashinta. In aka ji atishawa a kai a kai, ko kakari, ko wani ɗan fito daga maƙogwaro, akwai wadda ta kamu.

Abin da ya sa irin wannan ciwo ke saurin kayar da kaza yana cikin ginin jikinta. Huhunta ƙanana ne, a manne da haƙarƙari, ba sa kumbura su saɓe irin na mutum. Wasu jakunkunan iska ne guda 9, a ƙirji da ciki, ke tura iska ta ratsa huhun, tamkar zugazugin maƙeri. Fatar jakunkunan siririya ce ainun, jini kuma bai cika yawo a cikinta ba, don haka in ƙwayar cuta ta shiga sai ta samu wurin zama, magani ko da ƙyar yake kai mata. Wasunsu suna daf da mahaifar ƙwai, shi ya sa ciwon da ya fara a hanci kan gangara ya taɓa ƙwai. Kuma da motsin ƙashin ƙirji kaza take numfashi, wanda ya ɗauke ta ya matse mata ƙirji ya toshe mata iska ke nan.

Ba duk buɗe baki ne cuta ba. Kaza ba ta gumi, da bazara haki take yi ta rage zafin jiki, inuwa da ruwa mai sanyi sun ishe ta. Ƙurar hunturu ma takan sa atishawa. Wanda aka fi sakaci da shi shi ne zarnin kashi. Da sanyi ya kankama sai a toshe akurki ruf da buhu da leda, kashin kaji ya taru ya jiƙe, ya riƙa fitar da iska mai yaji. Wannan iska tana lalata ƙananan gasun da ke share maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Gwajin ba shi da wuya: ka durƙusa da sassafe ka sa kanka inda kajin ke kwana. In idonka ya yi yaji, sun kwana suna shaƙar abin da kai ba ka iya jurewa na minti ɗaya ba. A kwashe kashin, a shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa, a bar kafa ta sama inda iska za ta fita.

In an tabbata ciwo ne, aikin farko shi ne a ware kazar, ta koma wani wuri can da kaskon ruwanta da na abincinta. Mai kula da su ya fara da masu lafiya, ya ƙare da marar lafiya, sannan ya wanke hannu da sabulu. Daga nan sai lissafi: guda nawa suka kamu, cikin kwana nawa, akwai wadda ta mutu? Amsar waɗannan ta fi kowace alama nuna irin cutar, domin majina da tari kusan duk cututtukan nan suna kawo su.

In abin a hankali yake tafiya, yau ɗaya, bayan kwanaki wata, ba mace-mace, ana ganin kumfa a kusurwar ido, ƙwai kuma ya ragu, an fi zargin daɗaɗɗiyar murar nan da masu gidan gona ke kira CRD, wadda ƙwayar maikofilasma ke haddasawa. In kuwa fuska ce ta kumbura cikin kwana ɗaya zuwa uku, ido ya rufe da kwantsa, majina mai kauri tana wari, to koraiza ce. Warin nan wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa, kuma za a ga gashin kafaɗar kazar ya cuɗe saboda can take goge fuska. Akwai kuma wata cutar mashaƙo ta bairos wadda ƙwai ke tona asirinta: ɓawon ya fito a tattare ko da laushi, launinsa ya koɗe, in aka fasa farin ya tsiyaye tsululu. Manyan kaji sukan warke daga tarin cikin mako biyu ko uku, amma wata ba za ta ƙara komawa yawan ƙwanta na da ba. Da damina kuma akwai jar tsutsar maƙogwaro, wadda kaza kan samu daga cin tana. Mai ita takan miƙe wuya ta buɗe baki tana girgiza kai, tsutsar ta fi kama 'yan tsaki, maganin tsutsa kuma yana kashe ta. Dusa ko hatsin da ya yi fumfuna shi ma yana cutar da huhu, wannan ko ba shi da wani magani sai a zubar da abincin.

Lamari yakan canja in jiya kaji garau suke, yau an wayi gari uku sun mutu, biyar suna kakari. A ƙasar Hausa abin da aka fi zato a nan shi ne cutar Niyukasil, wadda a wurare da dama ake ce wa fakat. A 1926 aka fara gane ta, a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Niyukasil na Ingila, aka tabbatar da ita a Najeriya a farkon shekarun 1950. Da hunturu ta fi ɓarna. Alamunta su ne koren zawo, ɗaukewar ƙwai, shanyewar ƙafa ko fiffike, da murɗewar wuya har kaza ta riƙa kallon sama tana zagaye. A gidan da ba a yi rigakafi ba tana iya share akurki kakaf. Ba ta da magani. Duk wanda ya ce yana da shi, kuɗinka yake so.

Murar tsuntsaye da ita kamar su ɗaya, sai gwajin ɗakin bincike ke raba su, ko da yake zanko mai shuɗi-shuɗi da taruwar jini a fatar ƙafa sun fi karkata ga murar. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magariya ta jihar Damagaram a Nijar. A Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ita tana kama mutum, shi ya sa yawan mace-mace ba abin da za a rufe a cikin gida ba ne. A sanar da ofishin dabbobi mafi kusa, kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa. Mushen a ƙone shi ko a binne a rami mai zurfin da kare ba zai tono ba. Jefa shi a juji aika cutar ne gidan maƙwabci.

Ga wadda ciwonta mai sauƙi ne, jinya tana yin aiki fiye da yadda ake zato. A ajiye ta wuri mai ɗumi da ba iska mai kaɗawa, a goge mata hanci da ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, domin kazar da ba ta gani ba ta cin abinci, sau da yawa yunwa da ƙishirwa ke ƙarasa ta. A dama mata dusa da ɗan laushi. Amma a kiyayi ɗura: ƙofar iska tana nan a gindin harshe, ruwan da aka kwarara mata a baki yakan wuce huhu ya shaƙe ta. A tsoma bakinta cikin ruwan ta sha da kanta, ko a ɗiga kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Barkono da tafarnuwa da sassaƙen maɗaci da gautan kura da ake jiƙa wa kaji tun kaka da kakanni ba sa kashe bairos. Kazar da ta tashi bayan ta sha su, galibi dama mai tashi ce.

Haka ma kafson mutane da ake ɓarewa a zuba a kasko. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da fakat ko mashaƙo. Ko a cikin bakteriyar ma sai an dace: maikofilasma ba ta da bangon da dangin fenisilin ke fasawa, don haka ba sa yi mata komai, tailosin ko dangin tetirasaikilin likitan dabbobi kan rubuta, da awo da adadin kwanaki. Ga mai ƙwai akwai ƙarin magana, maganin yana sauka cikin ƙwan, dafuwa kuma ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Ba a ci, ba a sayarwa, tun daga ranar da aka fara har wa'adin da ke jikin takardar maganin ya cika. In an rubuta cewa ba na kaji masu ƙwai ba ne, a bar shi.

Abin da ya fi wuyar karɓa shi ne, kazar da ta warke daga CRD ko koraiza ba ta rabu da ƙwayar ba. Tana ɗauke da ita, da an shiga sanyi ko wata wahala ciwon ya motsa, ta shafa wa sabbin zuwa. Maikofilasma har ta cikin ƙwai take bi ta kama 'yan tsaki, don haka ba a sa wa kaza ƙwan irin wannan ta yi kwanci. Mai kaji biyar na cin gida zai iya zama da su haka, ya daina kawo sabbi, ya kuma daina bayarwa. Mai son ya faɗaɗa kiwo gara ya rage su, tunda sabo da kaza ba ya hana yanka, ya wanke akurki ya bar shi ya sha rana na makonni. Abin da ba shi da kyau shi ne wanda ake yawan yi: da ciwo ya ɓulla sai a kwashe kajin a kai kasuwa tun ba su mutu ba. Wanda ya saya da araha ya kai gida ya saki, shi ke nan. Saboda haka duk kazar da ta shigo, saye ce ko kyauta, ta yi mako uku zuwa wata guda a keɓe. Agwagi ma a raba musu makwanci, don sukan ɗauki cuta su yaɗa alhali su ƙalau suke.

Fakat ce kaɗai a cikin manyan nan da rigakafinta ke kusa da mai ƙaramin kiwo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa shi. Nau'in Lasota sai an riƙe shi cikin sanyi tun daga shago har gida, in an haɗa kuma a yi amfani da shi cikin awa biyu. Nau'in I-2, wanda aka samar a Ostareliya saboda kajin ƙauye, ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, a maimaita duk bayan wata uku ko huɗu. Ba a yi wa marar lafiya, kuma garkuwar takan ɗauki kimanin mako biyu kafin ta kama, don haka da kaka ya kamata a yi, tun iskar hunturu ba ta taso ba. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, ta fi ƙarfin gida guda, sai maƙwabta su haɗa kuɗi su kira malamin dabbobi ya bi gida-gida da asuba kafin a buɗe akurki.